Fim ɗin da ƙanena ya turo daga Finlan

Tun da ƙanena ya turo fim ɗin nan hankalina bai kwanta ba. Shekararsa shida a Finlan yana wankin kwanuka a gidan abinci, kullum ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Rana tsaka ya turo fim ta waya, wai na barkwanci ne, in kai wa Mma, mahaifiyarmu, a Bawku ta sha dariya. Mutumin da ko hoton ɗakinsa bai taɓa turowa ba.

Na kalla a rumfar doyata a Salaga. Labarin wani lebura ne a injin katako, aka sallame shi, ya koma gida ya ci abinci shi kaɗai. Daga baya ya zauna kan benci da wata mata, ba wanda ya ce uffan. Na yi ta jiran wurin dariyar har fim ya ƙare. Raina ya ɓaci, na ce yaron nan ko ya raina mu, ko yana ɓoye wani abu.

A Yendi, kan hanyata ta zuwa Bawku, muna jiran lori ya cika, na nuna wa wani dattijo mai goro. Ya kalli kaɗan ya miƙo mini wayar, ya ce, "Waɗannan ko gaba suke yi, ko rasuwa aka yi musu. Wanda ya turo maka wannan, akwai magana a bakinsa."

Da na isa gida, Mma ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce in kira ƙanen nawa. Ya ɗauka yana dariya, yana cewa wallahi haka mutanen can suke, shi ya sa abin ke ba shi dariya. Mma ta bar shi ya gama. Kamar yadda muka saba, wayar ta zaga gidan, matan haya da mai shagon ƙofar gida kowa ya gaishe shi. Da ta dawo hannunta ta ce, "To, ba maƙwabcinka mu gaisa, in yi masa godiyar zama da kai."



Ya ce, "Mma, ban san sunansa ba."

Ta ce, "In ka kwanta ciwo fa, wa zai sani?"

Ya ce, "Wurin aiki za su sani, in suka ga ban zo ba."