Ɗan Ƙwallon da Aka Zana a Bangon Gidanmu

Shekarar da na kama haya a Suleja, ina zuwa aiki Abuja kullum, unguwarmu ta rabu biyu a kan ƙwallo: masu jar riga da masu koriya. Ko wurin mai shayi ba benci ɗaya suke zama ba. Ni ba ruwana da kowa.

Wata ranar Asabar na dawo daga kasuwa na tarar da mai fentin motocin tasha ya hau tsani a jikin bangon gidanmu, daidai tagar ɗakina. Ya ce mai gida ya yarje masa. Kafin la'asar ya zana ƙaton ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo, rigarsa rabi ja rabi kore.

Washegari kyaftin ɗin masu ja ya yi mini sallama, rai a ɓace.

"Yallaɓai, me muka yi maka? Wannan ai hancin golan masu kore ne."

Na rantse masa ba ni na sa ba. Bai daɗe da tafiya ba sai ga masu kore, wai ƙafar da ke bugun ta ɓangaren ja ce, an mayar da su 'yan rakiya ke nan.

Na bi mai fentin har tasha. "Malam, don Allah zagi ne ko sulhu?"

Ya goge hannu da tsumma. "Ai ban gama ba. Bari in dawo daga Gawu Babangida."

Bai dawo ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, kowane ɓangare na tsoron ɗayan ya ɓata zanen, sai suka fara gadinsa. Kowace yamma suna ƙarƙashin tagata, waɗannan ta dama waɗancan ta hagu, suna musun hanci da ƙafa. Mai shayi ma ya kwaso teburinsa ya dawo nan. Na ɗauka an shirya. Ranar wasansu kuwa sai da aka fasa wa wani kai a fili, da yamma kuma na gan su duka a gindin bangon, har da mai bandejin, ana miƙa masa shayi.

Bayan damina mai gida ya fasa bangon ya fitar da shago, wata 'yar kudu ta kama tana sayar da abinci. Na tambayi kyaftin ko sun ji haushi.

Ya ce, "Haushin me, yallaɓai? Dama bai yi kama da kowa ba."