Ɗakina da Ba Zan Kwana a Ciki Ba

Inji ya cinye mini yatsun hannun dama a wata masana'anta ta Saint-Fons, kusa da Lyon. Aka biya ni diyya, na sayi ɗaki da ita a gidan tsofaffi.

Dalilin sayen ba mai tsawo ba ne. Lokacin da na shigo ƙasar nan, ƙarƙashin gadar Porte de la Chapelle a Paris na fara kwana, a kan kwali, takalmina ne matashin kai. Tun daga nan na ƙudura ba zan tsufa a wurin da ba ni da ƙofa ba. Ba ni da mata a nan, ba ni da ɗa. A gida Damagaram, waɗanda za su riƙe ni duk sun riga ni.

Wanda ya kawo shawarar wani Alhaji ne ɗan Cadi, mai shagon atamfa da turare a Belleville. Shi ya fara ba ni aikin dako a Paris kafin in koma Lyon.

"Malam, kada ka bar diyyar nan a banki ta narke," ya ce. "Akwai kamfani mai gidajen tsofaffi. Ka sayi ɗaki, su karɓe shi haya a hannunka, su riƙa biyan ka. Ni ma na saya."

Ni abin da ya zauna mini a rai shi ne ɗakin. Na ce yanzu in ci haya, ran da ƙafa ta gaza in shiga abina.

Na je na duba kamfanin yadda na iya duba mutum. Ƙofar gida a share, ga furanni. Daraktan ya fito da kansa, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya ba ni kafe na sha, har ya tambayi hannuna. A wurinmu, wanda ƙofarsa ke share kuma bai gajarta maka gaisuwa ba, ana iya ba shi amana. Na sa hannu da hagu.

Ana nan aka ce an sa mutum a ɗakin. A garinmu mai gida ba ya barin baƙonsa ba gaisuwa. Na sayi dabino, na sa rigar Juma'a, na hau bas.

Matar da ke bakin ƙofa ta ce, "Kai wane ne nasa?"

Na ce, "Ni ne mai ɗakin."

Ta dube ni, ta kira wata su dube ni tare. Wai tun da aka buɗe gidan, babu mai ɗakin da ya taɓa zuwa. Amma sun bar ni na hau.

Tsoho ne Bature, ƙato, a keken guragu, hannuwansa kamar faranti. Da can gidan burodi gare shi. Faransancina na masana'anta ne, amma mun fahimci juna. Na ajiye dabinon, na ce na zo ganin yadda yake jin ɗakin.

"To, patron," ya ce, wato mai gida, "famfonka na ɗiga."

Ya yi dariya har da tari. Da muka ɗan zauna, na faɗa masa nan zan ƙare ni ma, bayan ransa mai tsawo. Sai dariyar ta tsaya.

"Wa ya gaya maka? Bangon naka ne, gadon nasu. In kana son kwana a nan, sai ka biya abin da nake biya. Ni gidana na sayar kafin in iya."

Na sauka, na zauna a tashar bas, na bar motoci suna wucewa. Ba wanda ya yi mini ƙarya. Ni ne ban tambaya ba, don a tunanina wanda ya mallaki ɗaki ba ya tambayar izinin kwana.

Mako na zagayowa na koma. Baƙo dai baƙo ne, ko da mai gida ya yi wauta. Haka na riƙa zuwa duk Juma'a bayan masallaci. Yana cewa dabinona zai ƙarasa masa haƙora, yana ci.

Shi ya koya mini duba kamfani. Wata rana ya ce, "Patron, daina kallon furanni. Yarinyar da ta yi mini wanka jiya, ka santa?"

"A'a."

"Ni ma ban santa ba. Ta makon jiya fa, tana ina?"

Na fara lura. Fuskokin ma'aikata na sauyawa kamar na 'yan kasuwa. Man shanu ya ɓace daga abincin safe. Mai kawo burodi ya daina zuwa, aka koma na leda, abin da ya fi ƙona wa tsohon rai ke nan. Asansar, mai hawa da mutane bene, ta lalace, aka manna mata takarda, takardar ta tsufa a wurin. Tun da ta tsaya bai sake sauka lambu ba. Daraktan mai kafe ma ya tafi. Furannin kuwa suna nan shar.

"Na taɓa karyewa, na san warin abin," in ji shi. "Shekarar da gidan burodina ya mutu, gilashin shagona ya fi na kowa ƙyalli."

Sai haya ta fara makara. Ɗakin nan shi ne duk abin da yatsuna suka bar mini. In kamfanin ya faɗi aka rufe gidan, na koma mai bango huɗu da ba mai so, kuma na san hanyar gada.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Alhaji ya ce a yi haƙuri, kamfani babba ne, gidajensa sun cika ƙasa. 'Yarsa na bayan kantar shagon, ta karanta aikin akanta. Ta ce, "Baba, bari in duba." Ta buɗe bayanan da doka ta sa kamfanoni su riƙa fitarwa kowace shekara. Ta daɗe tana karantawa, sannan ta dube ni.

"Kawu, gidajen nan da bashi suke sayen su. Abin da ke shigowa bai kai ya riƙe bashin ba. Girman nasu shi ne ciwon."

Alhaji ya cire hula ya mayar. Ita ce ta nemo mana ƙungiyar masu ɗakunan, ta sa sunanmu.

Kamfanin ya faɗi, magana ta je kotu. Kamfanoni biyu suka nemi karɓar gidan, aka ce masu ɗakuna su faɗi wanda suka yarda da shi. Ɗaya ya yi alkawarin haya kamar da. Ɗayan ya ce sai an rage sosai. Raina na kan na farko, don ragin zai taɓa cikina. Na kai wa tsohon maganar.

"Mai alkawarin da yawa, daga farantina zai ciro," ya ce. "In ya gama da farantina ya zo kanka. Je ka wani gidan nasu, ka tambayi mai dafa abinci tun yaushe take nan."

Na je gidajen duka biyu. A na masu ragi na tarar da mai girki ta yi furfura a kicin ɗin, tana kiran tsofaffin da sunayensu. A ɗayan, wanda na tambaya bai ma san inda ake ajiye tsintsiya ba. Na buga wa 'yar Alhaji, ta ce abin da ta gani a lissafinsu bai saɓa da nawa ba.

Ranar taro a Lyon na zauna can baya, cikin likitoci da 'yan fansho. Sun yi ta magana, rabinta ta wuce ni. Da aka zo ɗaga hannu, na ɗaga na dama, guntun, wa masu ragi. Yawancin mutane ma can suka nufa.

Abin da sabon kamfanin ya fara gyarawa asansar ce. Ni na turo kekensa zuwa lambu. Ya ɗaga fuska ga rana, ya ce, "Patron, har yanzu famfonka na ɗiga."

Bai kai bazara ta gaba ba. Na je jana'izarsa, na tsaya a bakin ƙofar coci. Ban san yadda ake gode wa irinsa ba, sai dai na san Allah ne ya sa shi a ɗakina. 'Yar Alhaji kuwa kullum tana cikin addu'ata.

Yanzu ina Saint-Fons, a gidan gwaurayen ma'aikata da muke kira fwaye, hawa na biyu. Ɗakin ƙarami ne, amma makullinsa na aljihuna, hayar wancan ce ke biyan wannan. Kaɗan ce, ba ta makara. Wata tsohuwa ce a ɗakina yanzu, ba ta cin dabino, lemo nake kai mata.