Tsuntsayen tsakar gidanmu

Shekarun baya can, lokacin na gama makaranta ina zaman jiran aiki a gidanmu na cikin birni, mahaifina ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Tsohon hedimasta ne, mutum mai magana dalla-dalla. Da muka dawo da shi daga asibiti a Wusasa bakinsa ya karkace, kalma ba ta fita daidai, sai ya daina magana ɗungurungum. Likita ya ce in ba ya gwadawa, harshen zai tafi ke nan.

Lokacin sanyi ne, kullum da hantsi nakan fito da shi tsakar gida ya sha rana. Mahaifiyata kuma ta saba zuba tsakin gero a wani fasasshen kasko gindin bishiyar lemo. Ni da ba ni da aikin fari balle na baƙi, na shiga ƙirga irin tsuntsayen da ke sauka, da ƙarfi, kamar mai karanta labarai a rediyo. Kurciya, gwara, hasbiya, wani lokaci marai. Baba yana kallo, ba ya tankawa.

Wata safiya na ce, "Ga baiwar Allah, jar nan. Ga kuma wata ƙarama mai ruwan ƙasa, sabon iri ke nan."

Sai na ji wata murya kamar daga cikin tulu. "Matarsa ce."

Na waiwaya. Ya sake faɗa, yawu na zubo masa. "Iri ɗaya. Matarsa ce."

Mahaifiyata ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "Malam, ni nake ta yi maka magana tun kaka, ashe tsuntsu kake jira." Ta koma ciki. Ranar har kunun da take damawa ya kama.

Daga nan na riƙa kuskure da gangan. In kira hasbiya tattabara, ya gyara. In ce wannan daga dutsen Kufena take zuwa, ya ce ƙarya nake. Ana nan har ya fara haɗa jimla. Ran nan ya ce da ni, "Kai, na san ka sani. Amma ci gaba."

Maganarsa ba ta dawo yadda take ba har Allah ya karɓi abinsa, amma ya koma zaure yana amsa gaisuwa, har ya ɗaura wa ƙanwata aure da bakinsa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, tausayi ya ishe shi a lokacin, abin da ya rasa wanda zai buƙace shi. Kwanan nan na je duba wani abokina da ke kwance, ya juya wa kowa baya. Na zauna, da gangan na ce ai unguwarsu ba ta cikin ganuwar birni. Bai juyo ba, amma ya ce a ɗaga masa matashi.