Langar da Muka Rasa Mai Ita

Akwai abin da ya same ni bayan rasuwar Innarmu wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Kuma ba wani babban abu ba ne a ido, langa ce kawai, irin ta tangaran ɗin ƙarfe mai murfi, fara da zanen jan fure, duk bakinta ya ɗaye saboda tsufa.

Tun ina ƙarama a Roni na buɗe ido na ga langar nan tana shiga gidanmu tana fita. Wata mai tallar nono ce take kawo ta, a ɗaure cikin tsumma a saman ƙwaryarta. In ta shigo, za ka tarar da man shanu a ciki, ko dunƙulen fura, wani lokaci ƙwan zabi a cikin dusa. In za ta fita kuwa, Inna ta cika ta da daddawa, ko ƙuli-ƙuli, ko garin kuka. Ni mutum ce mai shegen tambaya tun asali, har Inna takan ce da an haife ni da baki biyu da ta gudu ta bar gidan. Amma abin mamaki ban taɓa tambayar daga ina langar take zuwa ba. Abin da ka saba gani kullum ba ya ba ka sha'awa, man shanun kawai na sani.

Na girma, na yi aure a Kazaure, ina koyarwa a wata firamare. Da ciwon Inna ya yi tsanani na dawo gida jinya. Wata rana da hantsi ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta nuna saman kabad da haɓa.

"Kin ga langar can?"

"Na gan ta, Inna."

"Ba tawa ba ce. In ta Allah ta kasance, kada a sa ta cikin rabo. Ke na ɗora wa, ki mayar wa mai ita. Ba na so in kwanta da kayan mutane a wuyana."

Na ce ta daina irin wannan magana, ita da kanta za ta mayar. Ban tambaye ta wace ce mai itan ba, don gani nake tambayar kamar yarda ce da cewa za ta tafi. Sati bai zagayo ba ta rasu.

Bayan an share makoki aka zo rabon kaya, na ɗauke langar na ajiye gefe. Yayanmu ya dube ni ya ce wannan tsohon kwanon ko kyauta aka bai wa mai gwangwan sai ya yi tunani, in bar wahalar da kaina. Ni kuwa maganar Inna ta tsaya mini a ƙirji. Ko abinci na zauna ci sai in ji kamar tana can tana jira in sauke mata kaya. Mai tallar nonon da take kawowa kuma ta daɗe ba ta leƙo ba, tun da rani ya kama suka tafi da shanu.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ce ta ba ni bakin zaren. Ta ce lokacin da ƙyanda ta kama ni ina goye, an kwantar da mu a asibiti a Kazaure. Babanmu ya tafi ci-rani, ga shi ba mu da kowa a garin, Inna ta wuni ta kwana babu abin kirki a cikinta. A gadon kusa da namu akwai wata Bafulatana mai jinyar ɗanta. Ita ce ta kawo wa Inna tuwo a cikin langar nan, suka ci tare.

"Tun daga nan uwarki ta ɗauki matar nan kamar wadda ta ba ta rai," in ji Gwaggo. "Kullum ta mayar mata da langa, sai ta sake dawowa cike. Can wajen Gwiwa suke, amma rugar kam ban sani ba."

Na jira har ruwa ya sauka, makiyaya suka fara dawowa. Ranar da zan fita nema, na wanke langar tas na sa a leda. Gwaggo ta karɓa ta girgiza, ta ji ba nauyi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke da boko ya gama cinye miki kai! Haka za ki kai wa mutane kwano yana hamma? A gidan wa kika ga an yi haka?"

Ta cika ta da daddawa da ƙuli-ƙuli, ta ɗaure da tsumma kamar yadda Inna take yi, sannan ta sake ni.

A kasuwar Gwiwa na nufi rumfar masu nono. Ban san sunan matar ba, ban san sunan mijinta ba, sai kawai na kwance tsumman na ɗaga langar sama kamar mai cigiya. Wallahi kafin in gama sallama mata uku sun gane ta. Wata mai wushirya ta tuntsire da dariya ta ce, "Malama, ai wannan langar ta fi ki sanin hanya. Ki ajiye ta a ƙasa ki bi bayanta." Ashe ba mutum ɗaya ba ce take ɗaukar ta. Mai tallar nonon da na sani surukar Bafulatanar ce, in ba ta fito ba, sai a ba maƙwabciya, ita kuma ta ba wata, har ta iso Roni. Duk sun san ta, kuma duk "langar 'yar Roni" suke ce mata. Wannan suna ya ɗan tsaya mini a rai, don mu a gida langar Bafulatana muke cewa. Na ce a raina kowa dai da yadda yake kiran abu.

Suka kwatanta wa ɗan acaɓa hanya. Muka bar kwalta muka bi ta tsakanin duwatsu da gonakin gero da ya fara tasowa, ni rungume da langa kamar jaririya, har muka iso wasu bukkoki a gindin wata tsamiya.

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma tana gyaran ƙwarya. Siririya ce, idonta ya fara yin hazo, kowa a rugar Dada yake ce mata, wato uwa. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙullin a gabanta. Ta shafa shi da hannu, fuskarta ta washe. Sai kuma ta matso da fuskarta kusa da tawa, ta daɗe tana kallo, murmushin ya ɗauke.

"Ke 'yarta ce."

"Ni ce, Dada."

"Ba a taɓa aiko 'ya da ita ba," ta ce a hankali. "Yaushe ne?"

Na faɗa mata. Ta yi salati, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ba ta yi kuka da sauti ba, kafaɗunta kawai nake gani suna rawa. Ni da na zo da niyyar dakewa sai ga ni ina share hawaye da mayafi. Na ji tausayinta ƙwarai, don na lura tun kafin in zo ta riga ta tara man shanu a wata 'yar ƙwarya tana jiran langa ta dawo.

Da muka natsu aka kawo mini fura, na isar da saƙo. Na ce Inna ta bar wasiyya a dawo mata da langarta, kuma har ta rasu ba ta manta tuwon da ta ciyar da ita a asibiti ba.

Dada ta saki ludayin da ke hannunta.

"Ni? Ni na ciyar da ita?"

"Haka Inna ta ce."

"A'a, 'yata, kin juya zancen. Uwarki ce ta ciyar da ni. Ni a lokacin ina na ga tuwo? Ko Hausar kirki ba na ji. Langar uwarki ce."

Nan fa tsohuwar ɗabi'ata ta motsa. Na gyara zama na shiga yi mata tambayoyi kamar mai binciken ɓarawo. Wa ya ajiye langar? A ina? Ta gani da idonta?

Ta ce bayan azahar ne. Ɗanta ya samu barci, ita ma gajiya ta kwashe ta a zaune, kanta jingine da ƙarfen gado. Da ta farka sai ta ga langa a kan tabarmar da ke tsakanin gadajen biyu, ga Inna tsaye a kanta, hannunta jiƙe da ruwa. Inna ta buɗe murfi, tuwon dawa ne da miyar kuɓewa, har da tururi. Inna ta dube ta ta ce bismilla. Ita ma ta ce bismilla. Suka sa hannu.

Na ce, "Dada, hannunta a jiƙe kika ce?"

"A jiƙe."

"To ai daga wankin tsummana ta dawo. Ita ma tarar da langar ta yi. Ta ɗauka ke kika ajiye kina jiran ta."

Muka dubi juna. Sai da na sake bin zancen daki-daki ya zauna mini. Da suka gama ci, kowace ta ce wa 'yar'uwarta Allah ya saka da alheri, kowace kuma ta ɗauka kawaici ne irin na mai kyauta. Inna ta wanke langa, da aka kawo mata ƙuli-ƙuli daga gida ta zuba ta miƙa wa Dada, a nufinta ta mayar da kwano. Dada kuma ta ɗauka kyauta ce ta biyu. Washegari ɗanta ya cika, aka kwashe kayanta cikin ruɗani har da langar. Da ta dawo hayyacinta ta ga kwanon mutane a ɗakinta, kunya ta kama ta, ta cika shi da man shanu ta sa aka yi ta cigiyar 'yar Roni har aka same ta. Shi ke nan, langa ta kama hanya.

Na ce, "Amma ai kun haɗu bayan nan?"

"Mun haɗu mana, a suna, a biki. To wa zai buɗe baki ya ce ke kika fara ko ni na fara? Ai abin kunya ne."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Oh ni! Shekara da shekaru ina yi wa baiwar Allah godiyar tuwon da ba ta tuƙa ba, ita ma tana yi mini!"

Ni ma na yi dariyar, amma sai na tuna da wasiyya. Inna ta ce a mayar wa mai ita, ga shi mai ita ba Dada ba ce. Wata ce can daban, wataƙila mai jinya a wani gado, wataƙila wadda ta zo dubiya ta ga mata biyu da yunwa a fuska, ta ajiye ta wuce. Ina zan gan ta? Ko tana raye ma? Na ce, "Dada, yanzu yaya zan yi da wasiyyar Inna? Kayan mutane yana nan a wuyanta."

Ta kwance ƙullin, ta ɗaga murfin.

"A wuyanmu dai, mu biyu," ta ce. "Mai langar nan da tana son a san ta, da ta tashe ni daga barci. Ba ta nemi kwanonta ba, ba ta nemi godiya ba. To mu mayar mata a inda ta ajiye. Ki tuƙa tuwo, ki kai ɗakin yaran nan, ki duba mata biyu da ba mai leƙo su. Ki ajiye a tsakaninsu da niyyar ladan ya je mata. Kada ki ce uffan."

Ta juye daddawar a ƙwaryarta, ta miƙo mini man shanun da ta tara. "Wannan a sa a miyar, kada uwarki ta fi ni. Ke kuma ba sai da kwano ba, ki riƙa zuwa da ƙafarki."

Haka na yi. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa kuɓewa, na shiga ɗakin yara na asibitin Kazaure lokacin dubiya. Na ga wata matashiya tana gyangyaɗi a bakin gado, gadon kusa da ita kuma mai jinyar ta fita, sai takalmin yaro da buta. Na ajiye langar a tsakani, na fito da sauri kamar na yi sata. Amma kun san hali, ban iya wucewa ba, na laɓe a jikin taga. Can sai ga ɗayar ta dawo, wata dattijuwa mai ɗingishi. Ta ga langa, ta dubi matashiyar da ta farka, ta buɗe murfi. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ga kowace tana nuna wa ɗayar da hannu ta fara. A nan na ji nauyin da ke ƙirjina ya sauka, na ce Inna, na mayar.

Dada ta yi shekaru bayan nan, ina zuwa mata har Allah ya karɓi abarsa. Abin da na koya shi ne godiya ba ta ɓata ko da ta sauka a ƙofar da ba ita aka nufa ba. Inna da Dada sun yi kuskuren wadda za su gode wa, amma kuskuren ya ba kowace 'yar'uwa har ƙarshen rayuwa. Ni da nake son sanin tushen komai, na haƙura da sanin wannan matar. Nonon da na sha a ranar daga tuwonta ya fito, kuma ko a hanya muka haɗu ba zan gane ta ba. Shi ya sa yanzu duk tsohuwar da na gani, sai na rage tsawo na gaishe ta da kyau, don ban sani ba ko ita ce.