Ranar da Iro Ya Ƙi Amsawa a Kufai

Ranar Laraba ce, a ƙarshen daminar da rumbunmu na tsakar gida ya rushe. Gero ya yi kai, tsuntsaye sun addabi gona. Da hantsi kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho, ya ɗauki sandarsa ya ce ni da ƙanena Iro mu biyo shi kufai. Na ɗauki lauje da igiyar ɗaurin ciyawa, don a gidanmu ba a fita a dawo hannu rabbana awaki na kuka a turke. Iro bai ɗauki komai ba. Bai wuce shekara shida ba, kuma ranar ce zuwansa na farko. A bakin zaure kakarmu Iya ta tsayar da shi, ta gyara masa wuyan riga, ta ce, "In kun shiga, ko muryata ka ji, kada ka amsa."

Ƙauyenmu a ƙasar Zamfara yake. Ban yi boko ba. Daga gona nake jin ƙarar ƙarfen tayar da ake bugawa a makaranta, ina kaɗa gwangwani ina korar tsuntsaye. Da yamma mu yi langa a ƙofar gida, ko mu bi kurciya da danƙo har bakin fadama. A nan muke tsayawa. Bayan fadamar akwai tudu, a kan tudun ne tsohon garin kakanninmu yake, wanda suka bari suka sauko kusa da ruwa bayan an daina yaƙe-yaƙe. Shi ne kufai. Duk shekara kowane tsoho yakan kai jikokinsa maza su ga inda gidansu yake a da. Kufai yana da doka biyu. Ba a kiran sunan mutum a ciki, don kada masu wurin su ji su riƙe, in kana neman wani sai ka yi tafi. Kuma duk abin da ka ji, ba ka amsawa.

Muka bi hanyar shanu muka hau. Gamba ta fi tsawon Baba Tsoho, sai da ya riƙa buɗe ta da sanda. Muka shiga ta inda ganuwa ta ɓalle, jar ƙasa ce mai kauri, har ɗinya ta tsiro a kanta. Ciki shiru, ko tsuntsu ba ka ji. Kukoki manya sun tsaya kamar dattawa a wurin jana'iza. Baba Tsoho yana magana ƙasa-ƙasa yana nuni da sanda: nan masallaci, nan maƙera, ga kashin ƙarfe har yanzu a ƙasa. Ya nuna mana wani dutsen niƙa da tsakiyarsa ta lotsa, ya ce a kansa kakarsa ta yi niƙa, nan ne gidanmu. Na taɓa dutsen na ji sanyi, na janye hannu. Ya nuna gangare ya ce can ne marina, rijiyoyinta suna nan cikin ciyawa, kada mu bi ta wurin.

Daga nan ya ce mu hau kan ganuwa. Ban taɓa hawa ba sai ranar, ban kuma taɓa ganin duniya da faɗi haka ba. Kogi ya yi fari yana lanƙwasa, gonakin gero sun tafi har inda ido ya gaji, shanun Fulani a fadama kamar an watsa farin wake, ƙauyenmu kuwa tafin hannu zai rufe shi. Amma a gabas hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin. Baba Tsoho ya ce in yanki ciyawa da sauri mu tafi. Ya zauna gindin kuka yana matsa gwiwarsa, ni na duƙa da lauje, Iro yana tsintar ɗinya a tsakaninmu. Ni na ɗauka yana wurin tsoho, tsoho ya ɗauka yana wurina. Da na ɗago, babu Iro.

Baba Tsoho ya yi tafi. Shiru. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi zafi. Ya buga sanda a jikin kuka. Ba abin da ya motsa sai gamba, don iska ta taso. Na ga ɗinya a zube a ƙasa, ɗaya nan ɗaya can, ta nufi gangaren marina, daga nan ta ƙare. Na san abin da tsoho yake tunani, don ya kalli gangaren, ya kalli sama. Duk ruwan da zai sauka a tudun nan ta gangaren zai bi, rijiyoyin kuma su ne farkon abin da zai cika. Ba mu san yawansu ba, ba mu san bakinsu ba, ciyawa ta rufe komai. Muka shiga muna taka ƙasa da tsoro, yana soka sanda kafin kowane taku. Ni a lokacin ba rijiya ce a raina ba. Na riga na yarda masu wurin sun ɗauke shi, kuma ni ne na gaba.

Aka fara yayyafi. A nan ne Baba Tsoho ya yi abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, ya ɗaga murya ya kira sunan Iro a tsakiyar kufai. Na toshe kunnuwana. Ya sake kira, ganuwa ta maido masa da muryarsa. Babu amsa. Ya kira sunan yanka, Ibrahim, nan ma shiru. Sai ya zauna daɓas cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, hularsa ta faɗi bai ɗauka ba. Ban taɓa ganin tsoron babba ba sai ranar, kuma ya fi na aljani ban tsoro. Ya ce da ni a hankali, yaron nan yana jinmu, maganar Iya ce ya riƙe. Mutum ba ya kiran suna a kufai, don haka duk wanda ya kira shi, a wurinsa ba mutum ba ne.

Akwai wasan da ke tsakaninsu, irin na kaka da jika. Iya tana kiran Iro mijinta, tana ɓoye masa ƙanzon tuwo, shi kuma Baba Tsoho kullum yana cewa yaron ya ƙwace masa mata. Iro ba ya ɗaukar wannan da wasa, har cizo yana yi. Tsoho ya miƙe. Ruwa na zuba a gemunsa, ya fara magana da ƙarfi kamar yana zaune a zaure.

"To madalla, ɓarawon matata ya tafi. Yau Iya tawa ce ni kaɗai. Ƙanzon ma ni zan cinye, ko ɓarɓashi ba zan rage ba. Dama wane miji ne wannan, mai fitsarin kwance?"

Ruwa kawai nake ji. Can sai wata 'yar murya ta fito daga ƙarƙashin ƙasa, kusa da ƙafata ta hagu, tana kuka.

"Ƙarya kake, tsoho. Na daina."

Muka buɗe ciyawar. Bakin rijiyar bai fi faifai biyu ba. Ƙasa ta cike rabinta, shi ya sa bai nutse ba, amma ruwa ya kai masa ƙirji, wani kuma yana gangarowa ta gefe. Muka zura igiya, hannunsa ya sandare ya kasa riƙewa. Baba Tsoho ya ɗaura ta a ƙuguna ya zura ni. Bangon santsi ne, duhu, warin laka, kwaɗi suna tsalle a jikina. Na ɗaura wa Iro igiyar, aka ja shi, na tsaya ni kaɗai ina kallon ɗan hasken da ke sama har igiyar ta dawo. Na sha wuya da yawa daga baya, amma ban ƙara jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba. Da muka isa gida Iya ta tambayi Iro me ya sa ya amsa bayan ta hana shi. Ya ce ko aljani ne ba zai bar masa ita ba. Baba Tsoho bai yi dariya ba. Ya shiga ɗaki, bai ci tuwo ba ranar.

Yanzu ina Dubai, ina lodin kaya a kwantena a Ras Al Khor. Ran Lahadi in babu aiki nakan shiga abra, ɗan kwalekwalen fito, in haye Bur Dubai, in yi yawo a tsohuwar unguwa. Su ma suna da guntun ganuwa, an share, an sa fitilu, mutane na ɗaukar hoto suna ƙwala wa 'ya'yansu kira da sunayensu, ba wanda ke tsoro. Namu kufan kuwa 'yan bindiga ne a ciki. Ƙauyenmu ya tashi, ciyawa ta shiga zaurenmu, Baba Tsoho da Iya suna kwance a can ba mai ziyara. Iro yana Gusau da 'ya'yansa, ba su taɓa ganin dutsen niƙan ba.

Da na sauya layin waya na kira shi, ya ɗauka amma bai yi magana ba. Haka mutanenmu suke yi yanzu da baƙuwar lamba, don tsoron 'yan bindiga. Na kira sunansa, shiru, numfashinsa kawai nake ji. Sai na ce, "Ɓarawon matar tsoho." Ya ce, "Yaya, kai ne?" A da tudu ɗaya muke wa wannan tsoron, yanzu ya sauko ya bi mu har gida.