Raslan da Ramin Gidanmu

A shekarar 1974 na fara ganin Raslan, cikin watan Yuni, wata ranar Talata. Na dawo daga kamfanin auduga inda nake aikin akawu, sai na tarar da wani dogon matashi zaune a kan benci a ƙofar gidanmu da ke unguwar Ibrahimiyya a birnin Iskandariyya, da farin rawani, gefensa ƙullin kaya da wani tulu an liƙe bakinsa da laka. Sitt Wadida, mai gidan, ita ta ɗauke shi gadi. Daga wani ƙauye kusa da Suhaj ya zo, can kudu, inda sai a yi shekara uku sama ba ta ɗiga ba.

"Kai ne sabon maigadin?" na tambaye shi.

"Ni ne, Ustaz. Kai ne na hawa na huɗu, mai gyara wa mutane magana?"

Ustaz ake kiran kowane ɗan boko a nan. Ashe kafin in iso an riga an ba shi labarina.

Gidan hawa huɗu ne, da ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya na maigadi, ɗayan kuma Sitt Wadida ke ajiyar kaya a ciki. A ƙarshen lungun da ya raba su akwai rami mai murfin ƙarfe, zurfinsa kamu biyu. Duk ruwan da ya tsattsafo daga ƙasa ko ya gangaro daga titi, nan yake taruwa. A cikin ramin akwai inji, ƙirar Italiya, da wani ƙwallo mai yawo a kan ruwa. In ruwa ya taso, ƙwallon ya ɗago, injin ya tashi da kansa ya tura ruwan waje ta bututu. Da yake limaman makarantar mishan sun koya mini Faransanci da ɗan Italiyanci, ni kaɗai ke iya karanta takardar injin, don haka mazauna gidan suka ɗora mini gwajinsa. Kowace shekara, mako guda kafin nawwar Maknasa, wato guguwar farko da teku ke aiko wa Iskandariyya a tsakiyar Nuwamba, nakan sauka in wanke rariyar injin, in zuba bokiti goma, in tsaya sai na ji injin ya tashi ya kuma tsaya.

Ban taɓa yi wa Raslan bayanin ramin ba. Ban ga dalili ba, aikina ne. Shi kuwa da ya ɗaga murfin a tsakiyar zafi, ya ga wuri busasshe mai sanyi, sai ya gode wa Allah. A garinsu irin wannan wuri ake nema a ajiye tulun mish, tsohon cukun nan da mahaifiyarsa ta haɗa masa. Ya zura shi, tulun ya zauna daram a kan ƙwallon, Raslan ya mayar da murfi.

A watan Nuwamban nan matata Terez ta haifi 'yarmu Nifin. Tsakanin asibiti da kamfani na ce gobe, na ce jibi, har Maknasa ta iso ban sauka ba. Ruwa ya fara da safe, kafin azahar Raslan ya hau hawa huɗu a guje, rigarsa jiƙe har gwiwa.

"Ustaz, ƙasa tana haihuwar ruwa."

Na sauka. Ruwa ya kai ƙwauri. Matarsa Bahiyya tana tsaye a kan gado da buhun gari a ka. Na kashe wutar lungun, na lalubo murfin, na zura hannu har kafaɗa, sai na ji tulu. Da na ciro shi, na kunna wuta, injin ya tashi nan take kamar ba abin da ya faru. Raslan ya dubi tulun, ya dubi injin, ya fahimta ba sai an faɗa masa ba. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba.

A ɗakin ajiya akwai dardumai shida na kayan auren 'yar Sitt Wadida. Uku sun sha ruwa. Kowa a gidan ya san ta kori maigadin baya saboda fitila ɗaya da ya bari a kunne. In ta ji labarin tulu, Raslan da matarsa mai ciki za su kwana a tashar jirgin ƙasa, kuma babu mai gida a unguwar da zai ƙara ɗaukarsa.

Na sa tulun a ƙarƙashin kwat ɗina na haura da shi. Terez ta ce gidan ya yi kwana uku yana wari. Da Sitt Wadida ta sauko tana huci, na tare ta a matakala.

"Laifina ne, Sitt. Ban gwada injin ba bana."

Ba ƙarya na yi ba. Limamai sun koya mana cewa ba dole ne mutum ya faɗi duk gaskiyar da ya sani ba, muddin abin da ya faɗa gaskiya ne. Ta wanke ni tas a gaban maƙwabta, ta ce ilimin da ba ya iya zuba bokitin ruwa ba shi da amfani. Shekara biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Raslan bai yi mini godiya ba, ni ma ban jira ba. Abin da ya ce kawai, bayan kwana biyu, shi ne: "Nuna mini yadda ake yi." Na nuna masa. Daga shekarar nan ramin ya koma hannunsa. Ya je wurin masunta ya haddace sunayen nawwa da kwanakinsu, Maknasa da Ƙasim da Faida ƙarama da babba, har ya fi ni sani. Ni sau ɗaya nake gwaji a shekara, shi kafin kowace guguwa. Yana goge ƙwallon da tsumma, ya busa bututu, ya kara kunne a jikin injin.

"Bokiti goma takarda ta ce," nakan gaya masa.

"Takarda ba ta kwana a ƙasa, Ustaz. Sha biyu."

Shekara talatin da takwas ya yi a ɗakin nan, ya haifi 'ya'ya biyar, aka canza inji sau uku, ruwa bai sake taɓa ƙafar gadonsa ba. Da bayansa ya gaza, ya koma wurin babban ɗansa a Amiriyya, tafiyar fiye da awa ɗaya a mota. Jikokin Sitt Wadida suka ɗauki wani maigadi, Hilal, mai iyali, suka gyara ɗakin ajiyar nan ya zama wurin zama, da taga a saitin ƙafafun masu wucewa.

Ni na shiga ɗakin. Terez ta rasu, gwiwoyina sun ƙi hawa huɗu, kuma ba na son barin gidan da na shekara hamsin a ciki. Nifin ta zo daga Alƙahira ta duba bango, ta duba ramin, ta kafa mini sharaɗi.

"Baba, ranar da ruwa ya shigo ɗakin nan, ko da cikin cokali ne, ranar zan zo in kwashe ka. Ba gardama."

Na yarda, don ba ni da zaɓi. Amma ba na iya durƙusawa, balle ɗaukar bokiti. Na yi wa Hilal bayani sau biyu, yana cewa to, idonsa na kan waya. Kowace guguwa nakan zauna ina sauraro, sai in ji injin ya tashi, ya tsaya. Damina huɗu haka. Na fara jin kunyar zargin da na yi wa mutumin, har na kira shi na yaba masa.

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Ustaz, ban taɓa ɗaga murfin nan ba. Baba Raslan ne. Tun da ya ji sharaɗin 'yarka yake zuwa ran Lahadi in ka tafi coci. Ya ce in na gaya maka zai karya mini ƙafa."

Lahadin da ta biyo, saura kwana biyar Ƙasim, ban je coci ba. Wajen ƙarfe tara na ji sanda tana sauko da matakala, taka ɗaya, hutu ɗaya. Na bar shi sai da ya durƙusa ya buɗe ramin, sannan na buɗe ƙofa.

Bai ɗago ba. "Ka bar zuwa coci ke nan? Tsufa ya lalata ka."

"Daga Amiriyya kake zuwa, da wannan bayan naka?"

"Hanya ce ta biyo da ni."

"Wace hanya ce ke bi ta ƙarƙashin ƙasa?"

"Matsa, kana tare mini haske."

Na matsa. Yana cika bokiti rabi-rabi, don ba ya iya ɗaga cikakke, saboda haka sai da ya yi sawu ashirin da huɗu. Na so in ce wani abu game da abin da ya wuce, na ga ba zai so ba. Injin ya tashi, ya kara kunne, ya jira har ya tsaya. Ya mayar da murfi, ya dafa bango ya miƙe a hankali.

"Ka gaya wa Nifin ta bar maka kayanka inda suke," in ji shi.

Na ce ya tsaya ya sha shayi. Ya ce motar ƙarfe goma ba ta jira, ya kama matakala.