Mai Goge Allo Ya Zauna a Aji

A Cibiyar Al'adun Faransa kowa ya san Baba Mai Allo, ko da yake ba kowa ya taɓa jin muryarsa ba. Aikinsa jera kujeru, share azuzuwa, da goge allo idan an tashi darasi. Tun gashinsa na baƙi yake shafe Faransanci da jiƙaƙƙen tsumma, har furfura ta cim masa. Alli ya zauna a tsagar hannunsa, amma yaren bai zauna a harshensa ba.

'Yarsa tilo ce ta kwashe. Tana ƙarama takan biyo shi bayan makaranta, ta raɓe a kujerar baya. In ya ɗaga tsumma sai ta ce, "Baba, dakata, ban gama ba." Ya tsaya, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannunsa. Da haka ta girma, cibiyar ta samo mata gurbin karatu a Faransa, ta yi aure a can, ta haifi 'ya mace.

Jikar ta tashi ba ta jin Hausa. Duk ranar da aka yi kiran bidiyo, fuskarta ta cika gilashin wayar, uwar ta ce ta gai da kakanta. Yarinyar ta zubo magana kamar an buɗe famfo. Shi kuwa ya ce, "To, to, madalla." Daga nan sai ƙarar ƙafafunta tana gudu. Duk tsokanar da ya tanadar mata tun tana cikin zanin goyo tana nan jibge a ƙirjinsa, ba ƙofar fita.

Da ya ajiye aiki, sai ya koma cibiyar ya shiga ajin 'yan koyo.

Matarsa ta ce, "Malam, duk shekarun nan kana goge abin nan, ai da tsumman ka riƙa lasa da yanzu ka ƙoshi."

Ya ce, "Ke dai miƙo min tabarau, sarkin surutu."

Ranar farko ya zauna a kujerar da shi ya taɓa ɗaure mata ƙafa. Malama na rufe baki, ƙafafunsa suka miƙe da kansu. Kafin ya ankara ya shafe rabin allo.

Ajin ya ɗauka, "Haba Baba, ba mu kwafa ba!"

Ya tsaya yana kallon wurin da ya jiƙe. Shi ma bai kwafa ba. Malama ta zare tsumman daga hannunsa a hankali, ta ce, "Baba, yau don kai aka rubuta. Koma ka zauna."

Karatun bai zo da sauƙi ba. Abin da ya kama da yamma, safiya ta ƙwace. Ya haddace sunayen gaɓoɓin jiki da kyar, sannan ya roƙi Malama ta koya masa yadda ake cewa: yi a hankali, ni tsoho ne, koyo nake.

Da aka sake kira, jikar ta zubo nata kamar kullum, har ta juya za ta gudu. Ya tattaro jimlarsa, ya faɗe ta a karkace.

Yarinyar ta tsaya. Ta dawo, ta matso da fuskarta, ta sake maganarta kalma bayan kalma. A ciki ya tsinci guda ɗaya da ya sani: haƙori. Ta buɗe baki ta nuna masa giɓi.

Ya ce da Faransanci, "Ni ma." Ya wangale nasa, wanda ya fi nata faɗi nesa ba kusa ba.

Dariyarta ta cika ɗakin, har matarsa ta leƙo daga ƙofa. A can, uwar ta miƙa hannu za ta karɓi wayar, yarinyar ta janye, ta faɗi wani abu da sauri.

Ya ce, "Me ta ce?"

 'Yar tasa ta share ido ta ce, "Wai in dakata, Baba. Ba ta gama ba."